Taswirar Ofishinmu

A bangon ofishinmu na inshora, nan cikin Sakkwato,
akwai taswirar jiha, an yanka ta ashirin da uku,
kowace ƙaramar hukuma da launinta.
Ni na shafa launukan, da hannuna.
Kore inda ruwa ke da kunya,
rawaya inda muke ɗan ɗaga gira,
ja kuwa ya bi gulbin Rima yana gangarawa
kamar an yanka rago a kan tudu.

Mai gidan bulo a Arkilla,
rufin kwano, katanga mai waya a ka,
abin da zai biya a shekara ba ya hana shi barci.
Yana sa hannu yana amsa waya.
Gida irin nasa sak a Goronyo
sai mu ninka, mu ɗora rabi,
don madatsa na bisa kansa,
ruwanta kuwa ba ya sallama in zai shigo.
Da na kai Isa da Sabon Birni
Hajiya Lubabatu ta ce kada in ɓata biro:
"In an ƙona, wa zai je ya gano mana?"
Nan ban sa kore ba, ban sa ja ba.
Fari na bari.

Ran Juma'a na hau mota zuwa Wurno
da takarda guda a aljihun gaba.
Gidan Kawu Ladan, inda aka binne cibiyata:
jar ƙasa, azara, zaure mai sanyi kamar randa.
Ruwan bara ya bar sa hannunsa a bango,
layi ɗaya, daidai ƙirjina.

Ya ce, "Nawa na?"
Na faɗa.
Bai san lissafin naira mai yawan sifili ba,
sai ya juya shi zuwa albasa,
yana lanƙwasa yatsu har hannu biyu suka ƙare.
"To in ruwa bai taho ba hwa?"
Na ce kuɗin sun tafi ga wanda nasa ya faɗi.
"Wane ne?"
Na ce ban sani ba, Kawu, wani ne a wani gari.
Ya yi dariya har tari ya kama shi.
"Ashe gayya ce kuka sa ma riga.
Gayyar da ba fura, ba ganga,
ba ka ko ganin wanda ka ɗaukar ma ƙasa."

Na so in tambaye shi ina tasa gayyar.
Waɗanda suka tada wannan bango wancan karo,
Bawa yana Legas a kan buhunan wasu,
Tukur na tuƙa babur a Fatakwal,
biyu suna bayan gari, an jera musu itace.
Ban tambaya ba. Ya san ƙirgen fiye da ni.

Ya ce in karanta masa takardar duk da haka.
Suna. Unguwa. Nisa daga gulbi.
Sai layi na huɗu: irin gini,
akwati biyu, bulo ko dutse.
Babu akwatin jar ƙasa.
Na san babu tun kafin in biya kuɗin mota.
Na ninke ta, na ce hasken ya yi kaɗan,
ga shi ko la'asar ba a kira ba.

Ya raka ni tasha da ƙullin albasa,
yana duban gabas, inda hadari ke haɗa kai.
Bai ce komai ba game da shi.

Litinin na riga kowa zuwa ofis.
Wurno a taswira ba ta fi babban yatsana ba.
Na ɗora shi a kanta, na danne,
na daɗe a tsaye, fanka na juyi.
Da na ɗaga, jan ya biyo ni.
Na wanke da sabulu kafin azahar,
har yanzu akwai saura a ƙarƙashin farce.