Mai Kwarfe Ruwa

Benci ɗaya suke zama, duk bayan mako uku:
Tasalla mai ƙosai daga Kurna,
da Malama Uwale da ke koyar da lissafi a Gwammaja.
Jan ruwa iri ɗaya ake ɗaura musu,
ɗigo ɗaya, tashin zuciya ɗaya.
Gashinsu ya zube a wata guda,
suka yi dariya, suka sake ɗaurin kallabi.

A zagaye na huɗu
ƙullutun Tasalla ya koma ƙwayar gurjiya.
Na Uwale yana nan kamar goriba,
ko gezau.

Ni ina ɗakin ƙasa, ba sa ganina.
Abin da ke iso ni ɗan yankin tsoka ne,
bai kai ɓawon albasa kauri ba,
kwance kan gilashi, da lamba a madadin suna.
In rina shi, in jira ya kama,
in an kawo wuta in sa ido a madubi.

Kowace ƙwayar halitta gida ce da 'yan aikinta,
furotin muke ce musu.
Akwai ɗan aike mai ihun "ku hayayyafa", ba ya gajiya.
Akwai maɗinki: magani ya yaga zaren gado da rana,
shi ya kwana yana faci.
Akwai dattijon da aikinsa ya ce wa ƙwaya,
"Kin lalace, kwanta ki huta."
A gidan Uwale an ɗaure masa baki.

Amma wanda ya tsaya mini a rai
shi ne mai kwarfe ruwa.
Na san shi tun ina yarinya a Fagge:
Agusta, tsakar dare, kwata ta cika ta shigo ɗaki,
innata durƙushe a bakin ƙofa da kwanon sha,
duk abin da ya shigo ta mayar waje
har aka kira assalatu.
Haka yake yi. Magani ya shiga, ya kwarfe.
Kuɗin adashinta, kuɗin keken ɗinkin ƙanwarta,
kwano bayan kwano.

Ba mugu ba ne.
Irinsa ne ke kare hanta da hanji daga guba.
Ba wanda ya gaya masa
gidan da yake tsarewa ya koma hannun ɓarayi.

Dangi sun ce ta yi jinkiri. Wasu sun ce sammu ne.
Na rubuta layi uku na aika wa likita sama.

Ranar Alhamis na gan ta a bakin asibiti
tana jiran adaidaita sahu, leɓenta a bushe.
Ta ce, "An ce ku ne masu dubawa.
Tambaya ɗaya, hanya ɗaya, yaya amsa ta zama biyu?"
Na ce, "Malama, ba laifinki ba ne.
Akwai abin da ba a sa a lissafin ba."
Ta yi shiru, tana murza zoben da ya yi mata yawa.
"To, a goge allon," in ji ta, "a sake."

Sabon ruwan fari ne.
Tasalla ta gama nata, amma tana zuwa,
da ƙosai a leda wanda ba mai iya ci,
ta zauna a gefe tana ƙirga ɗigo.
Ni kuma ina ƙasa. Ban san amsar ba tukuna.