Wayar da Ba Ta Karɓar La'ada

Shekara talatin da ɗaya ina naɗin waya a Panteka:
injin niƙa, fanka, famfon rijiyar burtsatse,
duk abin da wuta ta cinye cikinsa, ni ake kawo wa.
Hancina kan riga idona sanin ɓarna,
tun ban kwance murfi ba
ƙauri ke fita, kamar gashi ya faɗa murhun mai shayi.

Jan ƙarfe dillali ne.
Wuta za ta wuce ta cikinsa, amma sai ya cire la'ada,
la'adarsa kuwa zafi.
Da zafin nan na biya kuɗin makarantar Suwaiba,
da shi na rufa ɗaki biyu can Rigasa, kan hayi.

Ita ke ƙirga min zagaye tana 'yar shekara tara,
zaune kan mataccen batir, ƙafarta ba ta kai ƙasa:
"Baba, saba'in da shida, ka tsallake ɗaya."
Kuma na tsallake ɗin.
Yau tana wata ƙasa, inda aka haƙa rami kamar zobe
ƙarƙashin gonakin mutane,
ana kora ƙwayoyin da ido bai taɓa gani ba,
suna gudu, maganaɗisu yana tanƙwara musu layi.

Ran Laraba ɗan aike ya kawo ambulan.
Guntuwar waya ce, tsawon ɗan yatsa,
shimfiɗaɗɗiya kamar madaurin agogo,
sili arba'in an kitse su kai da kai,
irin kitson da uwarta kan yi daren salla.
Na aza a tafin hannu, ƙwandala ta fi ta nauyi.

Ta kira ni a waya kan batun waya.
"Baba, wannan ba ta karɓar la'ada.
Wuta ta shiga ta fita, ko gumi ba ta sa ta ba.
Sharaɗinta ɗaya: a kai ta inda iska kanta ke daskarewa,
inda ƙanƙarar firjin Gambo garwashi ce,
can ƙarshen sanyi."

Na ce da me aka yi ta?
Ta ce kuza, da baƙin yashin nan mai bin kuza.
Sai na yi shiru.
Ubana ya wanke kuza a rafi har farcensa ya zube,
baƙin yashin wani lokaci ya watsar,
ranar da babu mai tayi.

"Amma fa tana da zuciya.
Sili ɗaya ya gusa da kaurin gashi,
ɗan gugan nan ya haifi ɗumi,
nan take sai ta tuna ita ƙarfe ce:
la'adar da ta yafe ta nema gaba ɗaya.
Sai mu sanyaya ta, mu sake ɗora mata kaya.
Gobe takan ɗauki fiye da na yau kafin ta yi tutsu."
Na ce ashe ba waya kuke naɗi ba,
yaron shago kuka ɗauka, makoyi.

Ishaku ya ɗana mata mita, bai yarda ba.
Allura ta motsa. Ya yi dariya har da buga cinya:
"Oga, a zafin Kaduna ita ma dillaliya ce."
Na ce bar ta, baƙuwa ce,
kowa da inda halinsa na gari ke fitowa.
Na ajiye ta cikin gwangwanin ƙusoshi,
ta kwanta tsakanin tsatsa, ba ta nuna ra'ayi.

La'asar ta yi, an ɗauke wuta, mai injin niƙa na jira.
Na ja jan ƙarfena, tsohon abokin ciniki.
Saba'in da huɗu, saba'in da biyar,
sai na tsaya, na dubi batir.
Babu mai cewa na tsallake.
Na warware, na sake yi.