Wasiƙar Nomau

Takwas da ƴan mintoci yake shigowa gidan waya,
jakar fata a kafaɗa, bakinta ya sha ɗinki,
ba komai ciki sai ƙamshin tsohuwar takarda.
Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rabon wasiƙa a Tawa.
In ƴan Abijan sun aiko,
shi ya san ƙofar uwa, shi ya san ta mata,
ya san gidan da ake karantawa a hankali
don tsohuwar ciki ba ta son jin "sai baɗi".

Yau ƙofarsa ce ta ɓace masa.

Ni ce a taga ta biyu.
Ran farko na ce, "Baba, ka ajiye aiki
tun ban shiga lakwal ba."
Ya dube ni kamar na kawo masa saƙon rasuwa.
Washegari ya dawo, na sake faɗa,
ya sake jin ta sabuwa fil.
Sau nawa za a yi wa mutum gaisuwar gawa ɗaya?

Mai gadi ya nuna masa hanya da sanda.
Da magariba aka tsince shi bakin tabki,
takalmi ɗaya, yana tambayar jaki ina Bilbis,
yara na bin sa da tafi.

Ɗiyarsa Tsahara ta zo, idanu jajur.
Ta ce likita ya ce ba iska ba ce, ba sammu ba,
ciwon mantuwa ne,
buhun gero ne ɓera ya huda daga ƙasa,
na bana ke fara zuba, na da can ya daɗe.
"Na kulle shi kwana uku," in ji ta,
"ya ƙi tuwo, ya ƙi fura."

Daren ban yi barci ba.
Da safe na ɗauki ambulan fari,
na rubuta da manyan baƙaƙe:
Tsahara Nomau, Bilbis, bayan injin niƙa,
na sa lambar wayarta, na buga hatimi.
"Mushe Nomau, ga ta gaggawa."
Sai ya miƙe. Wallahi har tsawo ya ƙara.

Shugabanmu ya ce wannan ba ya cikin doka.
Ya yi shiru, ya sosa ƙeya,
ya sa aka fito da benci inuwar dogon yaro.

Yanzu in ya tsaya a mararraba ba ɓata ya yi ba,
ma'aikaci ne ke neman gida,
kuma tambaya ba kunya ce ga mai aiki.
Ƴan kabu-kabu sun gane ambulan ɗin,
suna rage wuta, ba sa matsa masa oda.
Arzika mai shayi ya daina ce masa "ka tuna ni?"
sai dai, "Ni ne Arzika, zauna ka sha."
A farmasi sun koyi faɗin magana ɗaya su jira,
ko da layi ya kai bakin titi.
Asibiti ne har yanzu ake kiran suna da tsawa
daga bayan ƙofa, sau ɗaya tak.
Mun kai kuka. An ce mu dawo Litinin.

Akwai ranar da bai san Tsahara ba sam.
Ya yi sallama ƙofar gidansa kamar baƙo,
ya miƙa mata, ya ce, "Madam, sa hannu nan."
Ta sa. Ta ce masa, "Sannu da rana, shigo ka sha ruwa."
Ya shiga.

Kowace Juma'a takan dawo mini da su, guda biyar,
ɗaure da roba, gefensu ya yi gumi.
Ban taɓa sa komai ciki ba.
Bai taɓa buɗewa ba, ba halinsa ba ne.

Jiya uwata ta kira ni da sunan ƙanwarta
wadda ta rasu tun ina goye.
Na buɗe baki zan gyara mata,
sai na ce, "Na'am."