Inci Uku

Shekara tara ina auna Ramlatu
a shagona, layin teloli, Kasuwar Barci.
Ƙugu arba'in da huɗu. Na haddace shi
kamar lambar wayar mahaifiyata.

Bayan Sallah ta shigo da atamfa,
na zagaya tef, na ga arba'in da ɗaya.
Ta yi dariya, ta zuge jaka:
'yar kwalba kwance cikin ƙanƙara, da sirinji,
ba suna, ba kwanan wata,
sai takarda da aka liƙa da yawu ko gam,
an rubuta da biro: sau ɗaya a mako.

"Wa ya haɗa?" na ce.
"Wata ce a Barnawa. Gari ake kawo mata,
ita take damawa. Rabin kuɗin kemis."
"Lambar hukuma fa?"
Ta ce, "Ke tela ce ko 'yar sanda?"
Na yi shiru, fil uku a bakina.
Ni ma da allura nake ci,
amma na san zaren da ke bin ta.

Wata biyu ina rage mata kaya,
ƙyallen da na yanke ya cika leda.
Ta daina taya ni cin masa,
ko ruwa ta kurɓa sai ta dafe ciki.
Mata na cewa, "Tubarkalla, kin koma yarinya,"
ni kuwa ƙashin wuyanta nake kallo
yana ɗaga leshi.

Ran Talata 'yarta ta kira ni daga Barau Dikko.
Likita ya juya kwalbar, ya kai ta hasken taga,
ya ce, "Me ke ciki? Nawa aka zuba?"
Muka kalli juna.
Wayar ta Barnawa a kashe,
har yau a kashe.

Jiya aka sallame ta, tana bin bango.
Ga shaddarta kan kekena, ta bikin ƙanenta.
Na shimfiɗa, na ɗauki alli, na ajiye.
Ko hannun riga ba na yankawa sai na auna sau biyu,
alhali yadi in ya ɓaci akwai wani a kasuwa.
Abin da ya shiga jininta, wa ya auna?

Zan bar mata inci uku a cikin ɗinki,
a naɗe, inda idonta ba zai kai ba,
ko Allah zai sa ta dawo ta cika su.