Gurbin da Ba a Cikawa

A Maiurno, can gefen kogi,
asibitinmu ɗaki shida ne da rumfa.
Ni ke kwanan aiki daren Talata,
ni da fitilar da ke gyangyaɗi tana farkawa.

Akwai wani gurbi a ƙasan takarda:
"Ban da na likita, me kike sha?"
Shekara goma sha ɗaya ina tambaya,
gurbin fari fat, ba a cikawa.

Tahani ta ce, "Wallahi ba komai, Sista."
Na sunkuya zan ɗaura mata abin awon jini,
ƙamshin hulba ya fito ta hammata
ya yi mini gaisuwar 'yar uwa.
Na rubuta "babu". Hancina na dariya,
alƙalamina na rantsuwa.

To ni wa zan tuhuma?
Buɗe jakata ki sha kallo:
ƙwayar ƙarin jini kusa da kanumfari,
habbatus sauda a tsohuwar kwalbar turare,
bitamin na kanti da ƙullin bagaruwa,
maƙwabta ne, ba sa gaisawa.

Inna Dudu ce ta yanke cibiyata,
ita ta yanke ta rabin garin nan.
Ba ta san baƙi a takardar boko ba,
amma tana auna harjal da tafin hannu,
ta san inda citta ke tsayawa.
Ta taɓa ce mini, "Magani ba ya ƙarya,
mai sha ne ke ɓoyewa."

Ya shiga ta dama ya fita ta hagu.
Bara hawan jini ya kama ni,
Dakta Mu'utasim ya ce ƙwaya ɗaya da safe.
Na bi ta da zoɓo kofi uku,
da wani gari da ƙawata ta aiko daga Sinja,
wai hannu da yawa maganin ƙazamar miya.
Ban gaya masa ba. Ina ruwan likita da shayin tsohuwa?

Ran nan jariri ya faɗo hannuna,
ya tsala kuka, na miƙa wa uwarsa,
sai fanka ta sauko ƙasa, daɓe ya hau sama.
Na farka a gadon da nake shimfiɗawa.

Ikhlas, wata uku da fara aiki,
ta tsaya kaina, murya na rawa:
"Sista Tasalla, ban da na likita…"
Harshena ya ɗauko "babu" don ya saba,
ga leɓena jawur, zoɓo na shaidawa.
Na ce, "Rubuta."
Gurbin bai isa ba,
sai da ta juya takarda tana ƙarasawa.

Yanzu nakan ɗora butar shayina kan tebur,
in ce, "Ni hulba nake sha. Ke fa?"
Sai a rufe baki da mayafi,
sai bakin mayafi ya fara kwancewa.
Wani in ce ci gaba,
wani in ce mu kai wa Dakta,
wani in ce ban sani ba,
kalmar da na fi shan wuyar koyowa.

Inna Dudu ta rasu cikin azumi.
Ta bar mini ƙulli tara a cikin kwalla,
babu suna ko a ɗaya.
Ban zubar ba, ban jiƙa ba.
Nakan buɗe in shaƙa,
in mayar da murfi, in tafi karɓar haihuwa.