Rigar Jirgi

Kakana Ɗantani bai iya iyo ba.
Da kanwa ya gangaro kudu, yana neman goro,
kanwar ta ƙare, jakin ya mutu,
hanya ma ta ƙare a bakin ruwan gishiri.
Ya ce, to, Ankara ke nan,
ya zauna a Sabon Zango da allurarsa.

Wata Asabar kukun wani Bature ya zo
da ƙyallen da ya fi rumfar mahauta faɗi,
iska ta keta shi daga wuya har gindi.
Kaka ya juya, ya juya, bai ga hannun riga ba.
"Wane ƙato ne ke sa wannan?"
Aka ce, "Jirgi."
Ya ɗinke, ya karɓi sule uku,
ya tafi ganin mai rigar.

Shida ne a lokacin, farare tas,
masu su ma haka.
Namu tsayuwa bayan waya da gyaɗa a aljihu.
Biyu-biyu suke fita kamar 'yan kokawa,
su yi ta zagaya juna kafin a busa usur,
wannan ya tare wa wancan iska,
wancan ya zame ta ƙarƙashin hammatarsa.
Kaka ya dawo yana ta al'ajabi:
"Na ga ɓarawon akuya, na ga na zane,
yau na ga mai satar iska, ana yi masa tafi."

Da tuta ta sauya, masu jiragen suka kama hanya,
suka bar katako wa gara da gishiri.
Ubana Gariba da Okai ɗan masunta
suka jawo biyu daga cikin yashi.
Ɗaya ba gindi, ɗaya ba jigo.
Shekarar da burodi ya zama labari
suka ɗinka filafili da buhun fulawa,
tambarin kamfani a kife yana kallon sama.
Ranar Talata, da masunta ke barin teku ta huta,
ba su taɓa fita ba, ko da wasa.
Laraba kuwa har alƙali gare su,
wani tsohon akawun tasha
mai jan hankici da murya kamar gwangwani.

Ni na gaji keken ɗinki, ban gaji ruwa ba.
Ƙafata ba ta wuce inda kumfa ke mutuwa.

Yanzu sha huɗu ne, na ƙirga jiya,
wasu daga Tema, wasu daga Ada,
da yara 'yan makaranta masu rigar lemo,
da mai dokunu da ta san sunan kowane jirgi.
A cikinsu akwai Zuwaira.
Tawa.
Wadda uwarta ta ce ruwa ba sa'an kwando ba ne,
ta ce, "Inna, ai ni ba kwando ba ce."

Jiya ita da Ayele jikar Okai suka rage.
Na ga rigar da na ɗinka ta cika ta batse,
ta kwanta gefe har na rufe ido.
A jar gorar ƙarshe Ayele ta hau mata iska,
filafilinmu ya yi laƙwas kamar wanki,
daƙiƙa uku, ko huɗu,
tazarar ba ta fi taki ɗaya ba.

Ta fito jiƙe, gishiri a girarta,
na shirya kalmomin ban haƙuri.
Ta ce, "Baba, cikinsa ya yi yawa.
Rage yatsa biyu wajen kafaɗa."

Ga ni nan, dare ya raba, an ɗauke wuta,
fitila a baki, reza a hannu,
ina farke ɗinkin da na yi alfahari da shi.
Daga nan ba a jin teku,
sai dai ƙyallen yana warinta.