Fitila a Kan Turke

Ubana Kallamu gadi ya yi a Kantin Kwari,
shekara ashirin da uku, da gora da tocila mai batir huɗu.
Yakan ce: "Mai haska dare shi ake fara gani.
Ka kunna, ka kashe, ka bar wurin."

Yau ga ni a ɗakin zane bayan filin jirgi,
ƙarfe biyun dare, fanka tana dama zafin bazara,
ina ƙera wa sojan sama na'urar hango jirage.
Ba ta gani sai ta yi kira,
ta jefa murya sama, ta jira amsa-kuwwa.
To amma duk mai kira ya faɗi inda yake,
kuma akwai makamin da ba shi da sana'a
sai bin murya har maƙogwaron da ta fito.

Sai na koya mata sauya harshe
sau dubu kafin a ƙifta ido,
ta yi raɗa inda dā take kururuwa.
In maƙiyi ya cika sama da hayaniya
irin ta 'Yan Kura ranar jajibiri,
ta tsinci muryarta a ciki
yadda uwa ke tsintar kukan ɗanta.
Na ba ta idanu dubu, ƙanana;
in ɓarɓashin ƙarfe ya tsiyaye ɗari,
saura su ci gaba da kallo.

Kyaftin Barau ya leƙo da kofin shayi:
"Injiniya, wannan doguwar waya fa?
Mita ɗari huɗu, ai kuɗi ne."
Na ce: "Tazara ce tsakanin faranti da kujerar Kofur Dije.
In an harbo, ƙarfe ya mutu shi kaɗai.
Tana da 'yan biyu a Gwagwarwa, ba a yaye su ba."
Ya daɗe yana duban takardar.
Ya sa hannu.

Saura abu ɗaya, shi ba a boko na samo shi ba.
Baba kan rataye fitila a kan turke,
ya sa mata hula da tsohon bargo,
shi ya koma ƙarƙashin rumfar tsallake.
Sau uku ɓarayi suna rotse turken nan.
Shi kuwa a kan gadonsa ya cika, yana mitar kuɗin batir.

Na zana akwati mai arha, mai muryar ƙarya,
a kafa shi nesa, ya yi ta surutu.
A fom an ce in ba shi suna.
Na rubuta: Kallamu.

Ladanin Kurna ya fara gyaran murya.
Na kashe fitila, na bar wurin.